Hadari Ya Haɗo a Yerwa: Abubuwan Mamaki Ga Mai Tafiyar Ƙasa

Yau a ƙafa za mu fita, ga iska ga ruwa, daga Maiduguri, wato Yerwa, har bakin Tafkin Chadi, mu ɗan leƙa ƙasashen wasu a kan hanya. Kowa ya naɗe ƙafar wandonsa.

Mutumin Maiduguri a bakin ruwa yake zaune, ruwan ne ya yi ƙaura ya bar shi. Dogon tudun yashin nan da ya ratso ta cikin garin, ya bi ta Konduga da Bama har ya shige Kamaru, masana sun gano cewa gaɓar tsohon Tafkin Chadi ce ta wajen shekara 7,000 da suka wuce. Saboda haka wanda ya taka daga Yerwa zuwa Konduga, ya dawo ya ce yawon bakin teku ya je, kada a ƙaryata shi!

Wancan tsohon tafkin faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, wato ya haura kashi 1 cikin 3 na faɗin Nijeriya baki ɗaya. Inda ake noman dawa yau a Dikwa da Marte, a wancan zamanin kifi ne ke kiwo.

Ga shaida ma a ƙasa. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, da aka auna shekarunsa aka samu sun kai wajen 8,000, babu wanda aka taɓa tonowa a Afirka da ya girme shi. Ruwan sha ya je nema, ya samo jirgi.

To mu dawo kan damina. Ruwan da Maiduguri ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 da wani abu ba, kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, Agusta ce uwar tafiya. Abin da wasu garuruwa ke karɓa da kaɗan-kaɗan, mu a dunƙule ake miƙo mana.

Iskar da ke ɗauko laima daga kudu maso yamma take busowa, daga Tekun Atlantika, amma hadarin da zai zuba daga gabas yake tasowa. Shi ya sa tsohon manomi, in ya ga gajimare ya yi baƙi a yamma, ko ɗaga kai ba ya yi, ya san wannan rabon mutanen Damaturu ne. In kuwa gabas ta haɗe rai, sai a fara neman takalmi.

Kafin ɗigon farko, ƙura ce ke fara sallama. Ruwan da ke zubowa daga can sama yana tunkuɗo iska mai sanyi zuwa ƙasa, ita kuma ta kwashi yashi ta yi gaba da shi, har ka ga jan bango ya tsaya daga ƙasa zuwa sama yana nufo gari, rana tsaka ta koma magariba. Daga ganin bangon zuwa isowarsa 'yan mintoci ne, don haka ba lokacin ƙarasa ciniki ba ne.

Ku je Kasuwar Monday a irin wannan lokaci ku sha kallo. Mai atamfa na jan tampol, mai tumatir na kifa kwando, mai shayi ya dafe murfin tukunya da hannu ɗaya yana kama kofuna da ɗayan, almajiri ya kife robarsa a ka ya zura da gudu, ledoji kuwa sun tashi sama sun fi tsuntsaye yawa. Iska na wahalar da mai kayan kara, kuma ranar kowa mai kayan kara ne.

Wani lokaci duk wannan hayaniya ƙarewa take yi a ƙura zalla, ko ɗigo ba a samu ba, musamman a farkon bazara. Iskar ƙasa ta yi zafi kuma ta bushe har ruwan ya ƙafe a hanya kafin ya iso. Matan gida dai su ne da aikin shara har sau biyu.

Da shamuwa ta sauka a kan bishiyar gari, manomi ya fara duba irinsa. Tsuntsuwar can kudancin Afirka take yin rani, ta biyo damina ta dawo mana, ta yi sheƙa a tsakiyar mutane ba tsoro, don ko yaro mai ƙiriniya an hana shi jifanta. Baƙuwar da ke zuwa da albishir ai ba a yi mata rowar masauki.

Ƙamshin nan na ruwan fari da ke sa mutum ya tsaya ya ja numfashi, wasu ƙananan halittu ne da ke cikin ƙasa suke samar da sinadarinsa, ɗigon ruwa kuma ya watsa shi cikin iska. Hancin ɗan Adam na iya jin sa ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Duk turaren Borno da sunansa, wannan ɗaya ba a saye shi a kasuwa.

Hadarin da ya jiƙa ka a Gamboru ba a nan tafiyarsa ke ƙarewa ba. Irinsa kan yi ta yamma, ya ratsa Nijar da Mali da Senegal ya faɗa teku, kuma da yawa daga manyan guguwowin da ke rushe gidaje a tsibiran Karebiyan da gaɓar Amurka daga irin wannan tsatso suke. Ashe wani abin da muka yi wa rakiya da laima, can da jiniya ake tarbarsa.

Ga lissafin da ya kamata kowane matafiyi ya riƙe. In ka ga walƙiya, fara ƙirga har ka ji tsawa: duk daƙiƙa 3 kilomita 1 ke nan tsakaninka da ita. In ƙirgen na raguwa, kai ma rage tsayuwa!

Bishiyar da ta tsaya ita kaɗai a fili ita ce wurin da ya fi jan ido a fake, kuma ita ce ta fi jan aradu. A nemi ginin kirki ko cikin mota mai rufin ƙarfe, a sauka daga kan tudu, a fita daga cikin ruwa, a ajiye fartanya gefe. Gara jiƙewa da kushewa.

Abin da ke sa tsawa ɗaya ta kwantar da shanu da yawa a lokaci guda shi ne wutar na bin ƙasa, ta shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya, ta ratsa ƙirji a hanya. Shi ya sa ake ce wa wanda hadari ya rutsa a fili ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya, kada ya kwanta, in kuma ayari ne a ɗan warwatsu. Ranar nan zumunci daga nesa ya fi.

Dogon yaron da ya yi wa titunan Maiduguri rumfa asalinsa daga yankin Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo shi, ya zauna har ya zama ɗan gari. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inuwarsa rahama ce. Ranar iska kuwa reshensa kan sauko ba sallama. A gode masa da rana, a ba shi hanya da hadari.

Kun lura da tsofaffin tayoyi da bulo da duwatsu a kan rufin kwano? Iska mai ƙarfi da ke wucewa ta saman rufi tsotso shi take yi zuwa sama, in kuma ta samu ƙofa a buɗe ta shiga ta turo shi daga ciki, sai ka ga kwano ya tashi da katakonsa. Maigidan da ya hau da guduma tun watan Mayu shi ke barci a watan Yuli.

Masu soron ƙasa su ma da nasu shirin: sabon yaɓe kafin ruwa, a toshe tsaga, a zare ciyawa da sheƙar tsuntsu daga bakin indararo. Mai tafiya a lungu kuma ya riƙa ɗaga kai, don indararo bai san babbar riga ba.

Yanzu sai kayan jiki. Tun kafin rigar leda ta zo, makiyaya da manoman ƙasar Hausa na da kabido, wanda ake saƙawa da ganyen kaba ya sauko daga ka har bayan gwiwa, ruwa na bin sa yana zubewa, hannu biyu kuma na kan aiki. A haɗa shi da malfa da sanda, an gama shiri. Manoman Japan na dā ma da tasu rigar ta bambaro, mutanen tsaunukan Khasi a Indiya kuma har yau suna saƙa tasu da gora da ganye. Dabara ɗaya, ba wanda ya leƙa ta wani.

Mutanen can ƙuryar arewacin duniya, wajen Alaska, da hanjin dabbobin teku suke ɗinka rigar ruwa, a wanke shi, a hura, a shanya, a yanka a ɗinke. Ba ta da nauyi, ruwa kuma ba ya ratsa ta. Mu nan da hanji ya shigo hannu, tukunya ce makomarsa.

Rigar ruwa ta zamani kuwa a Sikotilan aka yi mata rajista a 1823, aka shafa danƙo tsakanin ƙyalle biyu. Na farko-farkon in an yi zafi sai su yi ɗoyi su manne, in an yi sanyi su sandare. Da a Yerwa aka fara gwada ta a watan bazara, da maganar ta mutu a ranar.

Magidancin Borno in yayyafi ya fara, ba kansa yake fara karewa ba, hularsa yake cetowa. Zanna ce da aka kai wa mai wanki, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan gungume ta bushe ta tsaya cak, don haka sai ka ga dattijo ya zare ta a hankali ya tura cikin leda ko ƙarƙashin riga, ya bar sanƙo ga ruwan Allah. Kai ai yana bushewa kyauta.

Laffaya kuwa a ƙura garkuwa ce, a ja ta a rufe hanci da baki a wuce. Amma in ta sha ruwa ga iska, yadi wajen 5 ne ke neman naɗe ƙafa, sai Hajiya ta tattare ta da hannu biyu tana neman keke. Kwalliya na da ranarta.

Tun da aka hana babur a garin a 2011, keke napep ya zama abin hawan kowa, kuma da damina direba ke sauke labulen leda ta gefe. "Baba, riƙe min nan da kyau," in ji shi, fasinjan bakin ƙofa kuma ya zama ɗan aiki ba albashi. Mai wayo tun daga tasha yake neman tsakiya.

Tambayar da yara ke musu a kanta: a ruwa, gudu ya fi ko tafiya? Masu lissafi sun duba, amsar ita ce mai gudu ya fi tsira da bushewa, saboda ya rage lokacin da ruwa ke dukansa daga sama. Sharaɗi ɗaya ne: kada santsi ya karɓi ragowar lissafin.

Kada zafin garinmu ya ruɗe ku, jiƙaƙƙen mutum a cikin iska yana iya yin sanyin da zai kai shi asibiti. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska har ninki 20 da wani abu, rigar auduga kuma in ta jiƙe sai ta manne ta ƙi bushewa; yara da tsofaffi da masunta su abin ya fi kamawa. Wanda ya fara karkarwa yana harɗe magana, a cire masa jiƙaƙƙen kaya, a lulluɓe shi, a ba shi abu mai ɗumi. Busasshiyar riga ɗaya a cikin leda ta fi jaka cike da kwalliya.

Sauran guzurin ba shi da tsada: tocila, waya a ƙulle cikin leda, ashana a wata ledar, gorar ruwa, dabino ko ƙuli-ƙuli, sai sanda. Sannan a faɗa wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da kaɗan ba, wajen santimita 15, yana iya kayar da ƙato, wanda ya kai santimita 60 kuwa yana iya tafiya da mota. A cikin gari haɗarin ya fi ɓuya, domin in titi ya cika, lambatu da kwalbati marar murfi duk ruwa ɗaya suke zama a ido. Sanda ta fara takawa, kai ka biyo baya.

Kogin Ngadda da ya raba garin, rabin shekara yara na ƙwallo a cikinsa, masu lambu na shuka a gefensa. In ya kawo kuwa ya wuce ta Gwange da ƙarfinsa, ya je ya baje a fadamar Jere inda ake noman shinkafa, bai ma cika ƙarasawa tafki ba. Gajeriyar hanyar rani, da damina a bi gada.

A nan sai mun ɗan sassauta murya. Ambaliyar 1994 da ta 2024, duka a watan Satumba, ta madatsar Alau suka biyo, kuma abin da suka koya wa garin shi ne ruwan da zai shigo maka ɗaki ba lallai a kan rufinka ya zuba ba, yana iya zama wanda ya sauka can kudu kwanaki da suka wuce. Wanda ke zaune kusa da kogi ya san tudun da zai nufa, takardunsa kuma su kwana a leda. Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya mayar wa masu asara da alheri.

Addini ma ya yi wa mai tafiyar ƙasa sauƙi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, daren ruwa mai ƙarfi, ko na taɓo haɗe da duhu, ana haɗa Magariba da Isha a masallaci domin kada jama'a su sake fitowa. Fita ɗaya, lada biyu.

In ka bar gari ka yi gabas wajen Dikwa da Ngala, ka shiga ƙasar firki, baƙar laka shimfiɗe iya ganinka. Da rani tana tsagewa har hannu ya shige, da ruwa ya taɓa ta kuwa sai ta kumbura ta rufe, ta kama takalmi ta ƙi saki. Taku goma, kowace ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Silifas a nan ake rabuwa da shi, shi ya sa 'yan ƙasar ke rataya nasu a wuya su taka da ƙafar Allah.

Wannan lakar ce ta sa tsofaffin garuruwan yankin suke bisa tuddai, wasu tuddan ma mutane ne suka tara su, gini kan gini, shekara aru-aru. Ita ce kuma ke ba da masakwa, dawar da ake dasawa bayan ruwa ya ɗauke, ta rayu da laimar da ƙasa ta ɓoye, a girbe ta cikin sanyin hunturu. Lakar da ta ci maka takalmi, ita za ta ba ka tuwo.

Cikin irin wannan laka gaiwa ke yin rani. In ruwa ya janye sai ta nutse, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar kafa tana shaƙar iska da huhu, tana cin jikinta har wata damina. Masu nemanta ba sa ɗaukar koma: kamun kifi ne da fartanya!

Shi kansa tafkin ba ya zama inda aka bar shi. A shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi ƙwarai, har garin Baga da ke bakin ruwa ya wayi gari ruwan ya yi masa nisa, masunta suka koma shuka masara da wake a inda suke jefa taru. Tun daga nan yana ƙaruwa yana raguwa. Mai zuwa bakin tafki sai ya tambaya: bakin na bana ko na bara?

Wani abin mamakin, ba a tsakiyar damina yake cika ba. Mafi yawan ruwansa kogin Shari da Logon ke kawowa daga can kudu, tafiyar kuma na ɗaukar watanni, sai wajen ƙarshen shekara yake kai maƙura. Sama tas, ba ko gajimare, ruwa kuma na hawa gona.

Ba shi da zurfi, wurare da yawa bai fi tsayin mutum ba, gaɓarsa kuma a shimfiɗe take, don haka iskar hunturu kaɗai na iya turo ruwan ya mamaye fili mai faɗi. Har tsibirai yake da su na ciyawa zalla masu yawo a kan ruwa, iska ta kaɗa su su toshe mashigin da mai kwalekwale ya bi da safe. Kainuwa dashen Allah, ta ga 'yan uwa.

Buduma, mutanen tsibiran, suna ɗaure damin ciyawar ruwa su yi jirgi, suna kuma da wani icce marar nauyi da mutum ke rungumewa ya yi iyo da shi daga tsibiri zuwa tsibiri. Shanunsu na Kuri, masu farin jiki da kumburarrun ƙahoni, su ma iyo suke yi zuwa kiwo. Makiyayi a ruwa, garke a ruwa, sauro na jira a tudu.

Hanyoyin wannan yanki sun sha wuya a shekarun rashin tsaro, kuma har yanzu ba wurin da baƙo zai saɓa jaka ya nufa don shan iska ba ne. A tambayi 'yan gari, a bi shawarar masu tsaro. Matambayi ba ya ɓata.

Hazon hunturu ma ɗan tafkin ne. Kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wancan tsohon tafki, kuma wani ɓangarenta na ƙetare Atlantika ya sauka a dajin Amazon ya zama taki. Mu tari, su tsiro.

A Ingila akwai hanyar ƙafa da ta bi gaɓar teku ta kudu maso yamma, tsawonta ya haura kilomita 1,000, mutane na ɗaukar hutu musamman don su bi ta cikin iska da yayyafi. Ba sa yarda da laima, don iskar teku juya ta take yi, kuma kafin su fita sai sun duba jadawalin cikar teku, wanda ke hawa ya sauka sau 2 a yini. Abin da Bafulatani ke yi kullum da sandarsa, su sai sun yi tanadin shekara.

Wanda ke ƙorafin marka a Yerwa ya ji wannan: ƙauyen Debundsha da ke gindin Dutsen Kamaru, a maƙwabciyarmu ta nan kusa, yana samun wajen milimita 10,000 a shekara. Ruwan shekara 15 na Maiduguri ke nan a damina ɗaya. Ko a ina suke shanya?

Ruwa in ya cika ramuka, masu ramukan fitowa suke yi, kunama da maciji kuma ba abin da suke so irin busasshen lungu. Takalmin da ya kwana a ƙofar ɗaki a kife shi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, mai fita da dare kuma ya haska gabansa. Wani baƙon ba ya sallama.

Daren da aka yi ruwan kirki na farko, shinge ke fitowa daga suri dubu-dubu, su yi ta kewaya fitila har fukafukansu su zube. Yara sun san aikin: a ajiye kwano da ruwa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, da safe a soya da ɗan gishiri, ba a ma buƙatar mai don da nasu suka zo. Kaji na tsinta, ƙadangaru na tsinta, kwaɗi na tsinta, wanda ya makara sai fiffike!